Yara da Shan Shayi da Gahawa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama da kofin shayi a hannu, ga ɗan shekara biyu ya dafa masa gwiwa yana bin kofin da ido daga tebur zuwa baki, ya san yadda tambayar nan take tasowa. A kurɓa masa ko a hana shi? Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi. Don kada a rikice, a nan "gahawa" na nufin abin shan da wasu ke ce wa kofi, "kofi" kuma mazubin da ake sha da shi.

A taƙaice dai, a ba su ko kada a ba su?

Ya danganta da shekaru. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, balle shayi. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga nan har zuwa shekara 5, babu wani abin da shayi ko gahawa zai ƙara wa yaro, akwai kuwa abin da zai rage masa, don haka barinsu ya fi. Ɗan firamare zai iya shan shayi marar kauri jefi-jefi ba tare da wata illa ba, muddin ba tare da abinci ba ne kuma ba da yamma ba. Gahawa kuwa a jira sai ya wuce shekara 12, shi ma ƙaramin kofi ɗaya da safe.

Wasu likitocin sun fi haka tsanani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Amurka ta ce kada ɗan ƙasa da shekara 12 ya sha kafeyin kwata-kwata, ɗan 12 zuwa 18 kuma kada ya haura miligiram 100 a rana.

Mene ne wannan kafeyin, kuma me yake yi a jiki?

Sinadari ne da ke cikin ganyen shayi da ƙwayar gahawa da ƙwayar koko da ake yin cakulan da ita. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Jamus, Friedlieb Runge, shi ya fara tace shi daga gahawa a 1819. Aikinsa a ƙwaƙwalwa mai sauƙin fahimta ne. Tun daga wayewar gari jiki yake tara wani sinadari mai suna adinosin, wanda in ya yi yawa sai mutum ya fara hamma, ido ya yi nauyi. Kafeyin yana zuwa ya zauna a gurbin da adinosin ke zama, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan daram, labarinta ne kawai aka tare a hanya. Shi ya sa in ya saki mutum, sai ta auko masa gaba ɗaya.

Ban da wannan, yana ɗan ɗaga hawan jini, yana sa yawan fitsari, yana kuma motsa ciki. Babba da ya saba ba ya ma lura. Yaro kuwa yakan nuna: rawar hannu, rashin zama wuri ɗaya, saurin fushi, ciwon ciki, kuka ba dalili.

Kofi ɗaya tak fa? Ai ba wani abu ba ne.

A wurinka ba wani abu ba ne, domin jikinka ya ninka nasa. Kofin gahawa da aka dafa, mai cin mililita 240, yana ɗauke da kafeyin kusan miligiram 95. Gahawar gari da ake zuba wa ruwan zafi a motsa, wajen 60. Baƙin shayi tsakanin 40 da 50, koren shayi wajen 30, gwangwanin lemon kola kimanin 35.

To, a ɗauki uba mai nauyin kilo 70 da ɗansa mai kilo 15. In suka sha kofin gahawa iri ɗaya, abin da ya shiga jikin yaron daidai yake da a ce uban ya shanye kofi huɗu da rabi a zama guda. Wane uba ne zai yi haka ya zauna lafiya?

Hukumomin da suka sa iyaka da nauyin jiki suka auna. Ta lafiya a Kanada ta ce miligiram 2.5 ga kowane kilo a rana. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a 2015, ta ce miligiram 3. Yaro mai kilo 20 ke nan iyakarsa 50 zuwa 60, wato kofin baƙin shayi ɗaya ya kusa cinye masa rabonsa na yini. In ya ƙara da lemon kola ko cakulan, ya haura. Kuma a lura, waɗannan alƙaluma iyaka ce da aka ce kada a tsallake, ba kason da ake so yaro ya cike kullum ba.

Mu ma da shayi muka tashi, ga mu nan garau. Ba a cika tsoratar da mutane ba kuwa?

Akwai gaskiya a maganar. Shayi ba guba ba ne, kuma miliyoyin mutane a duniya sun fara shansa tun suna ƙanana sun girma lafiya. Wanda ya ce miki kurɓi ɗaya zai lalata yaro ya yi ƙari.

Amma illar shayi ga ƙaramin yaro ba irin wadda ake gani nan take ba ce. Yaron da jininsa ya ɗan yi ƙasa, ko barcinsa ya ragu da awa guda kowane dare, ba ya faɗuwa a kai shi asibiti. Sai dai a ce masa malalaci, ko mai rigima, ko marar mai da hankali a aji, ba wanda zai tuna da kofin safe. Sannan yaran yanzu ba shayi kaɗai suke sha ba. Ga lemon kwalba, ga cakulan, ga lemon ƙara kuzari, kowanne da nasa kafeyin. Lissafin da ya yi wa iyaye daidai a zamaninsu ba lalle ya yi wa 'ya'yansu ba.

Da gaske shayi yana kawo ƙarancin jini?

A ganina wannan ce babbar magana, ta ma fi ta kafeyin, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya ƙera jini. Iri biyu ne a abinci: wanda ke cikin nama da kifi da hanta, mai sauƙin shiga jiki, da wanda ke cikin hatsi da wake da ganyaye, wanda dama da ƙyar hanji yake tsotse kaɗan daga cikinsa. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai suna tanin. Shi ne ke sa baki ya yi bauri in shayi ya jiƙu da yawa, shi ne kuma ke barin baƙin zobe a cikin kofi. In tanin ya haɗu da ƙarfen hatsi da ganye a ciki, sai ya riƙe shi gam, su wuce tare ba tare da jiki ya amfana ba. Gwaje-gwaje sun nuna kofin shayi tare da abinci yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu da fiye da rabi. Gahawa ma tana yin haka, sai dai ba ta kai shayi ba.

Babba mai cin nama yana iya jure wannan asara. Ƙaramin yaro yana cikin lokacin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke girma da sauri, bukatarsa ta ƙarfe tana da yawa, cikinsa kuma ɗan mitsitsi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 a duniya suna da ƙarancin jini. Ba shayi ne ya jawo duka ba, ko kusa, amma wanda rijiyarsa ke ƙafewa ba ya ƙara huda gugansa.

Akwai kuma wata ɓarnar ta daban: shayi yana cika ciki. Yaron da ya sha kofi guda mai zaƙi kafin abinci zai ture kwanon bayan loma uku, uwa ta yi ta lallashi.

In kina zargi, ki ja fatar idonsa ta ƙasa a hankali a wurin haske. Cikinta ya kamata ya zama ja-ja. In kika ga ya yi fari fat, tafin hannu da leɓe su ma sun koɗe, yaro yana saurin haki in ya yi gudu kaɗan, ko ya kama cin ƙasa, to a je a auna jininsa. Duban ido ba ya maye gurbin gwaji.

Dabarar rage matsalar ba ta da wuya. A raba shayi da abinci da aƙalla awa ɗaya. A haɗa abinci da abin da ke da bitamin C, kamar lemon zaƙi ko tumatir, domin shi yana taimaka wa ƙarfe shiga jiki. Yaron da likita ya rubuta wa maganin ƙarin jini kuwa, kada a kora masa shi da shayi.

In na zuba madara da yawa, ai ta kashe ƙarfinsa ko?

Launi ta canza da ɗanɗano, kafeyin yana nan yadda yake. Tanin ma madara ba ta hana shi riƙe ƙarfe yadda ake zato. Abin da ke rage ƙarfin shayi shi ne ƙarancin ganye da gajeren jiƙo. Ƙullin ganye da aka tsoma aka cire cikin rabin minti bai yi kusa da wanda aka bari yana tafasa a tukunya ba.

Gaskiyar magana, yawancin ƙananan yara ba ganyen suke so ba. Ɗumi suke so da zaƙi, da kuma a ce su ma suna riƙe da kofi kamar manya. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara uku da ke birgima kullum sai an ba ta "shayinta". Uwar ta koma zuba mata madara mai ɗumi a irin kofin da babanta ke sha, ta sa mata cokali a ciki. Yarinyar ta zauna ta harɗe ƙafa, tana motsawa tana hurawa, tana kurɓa da ƙara kamar yadda ta ga ana yi. Ba ta taɓa tambayar ina ganyen ba.

Jaririna yana ciwon ciki, an ce in ba shi ɗan shayi marar kauri.

Kada ki ba shi. Hantar jariri sabon haihuwa ba ta gama koyon sarrafa kafeyin ba. Abin da jikin babba ke rage rabinsa cikin awa 5 yana iya kwana uku ko huɗu a jikin jariri. Duk cokalin shayin da ya sha kuma gurbin nono ya cinye. Haka shayin ganyayyaki da ake cewa na kumburin ciki ne: wasunsu sun taɓa jawo wa jarirai jijjiga, kuma ba ka da tabbacin abin da ke cikin ƙullin. Zuma ma haramun ce ga wanda bai cika shekara 1 ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri.

Wani abin mamaki, a asibiti ana ba bakwaini kafeyin a matsayin magani, don ya tunatar da su numfashi in suna ɗaukewa. Amma wannan da ma'auni ake yi, ƙarƙashin idon likita.

Ni mai shayarwa ce. Sai na daina sha?

A'a. Kaɗan ne ke ratsawa cikin nono. Hukumar Turai ta sa wa mai ciki da mai shayarwa iyakar miligiram 200 a rana, wato kamar kofin gahawa biyu ƙanana ko shayi uku zuwa huɗu. In jaririn bakwaini ne, ko kin lura yana firgita ya ƙi barci ranar da kika sha da yawa, sai ki rage.

Ɗana yana sha da yamma kuma yana barci lafiya lau.

Yin barci daban, samun isasshen barci mai nauyi daban. Kafeyin yana jinkirta zuwan barci, yana kuma rage zurfinsa ko da ido a rufe yake. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10. Ki lura da shi da safe. In sai an yi ta jijjiga shi kafin ya tashi, ya zauna bakin gado yana gyangyaɗi da takalmi ɗaya a ƙafa, barcin bai ishe shi ba.

Daga nan ne ake shiga zagayen da ba ya ƙarewa: bai yi barci sosai ba, sai a ba shi shayi mai kauri don ya wartsake, da dare ya sake kasa barci. Mai fitsarin kwance kuma shayin dare ƙara masa aiki yake, ga ruwa ga abin da ke tsokanar mafitsara. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauke na yamma na mako biyu a gani.

An ce gahawa tana hana yaro tsawo.

Babu hujja a kan haka. Tsawo na gado ne da abinci da lafiya. Cikin abin da ya yaɗa tsoron har da talla: a Amurka wani ɗan kasuwa, C. W. Post, ya fito da abin sha na hatsi mai suna Postum a 1895, ya shekara da shekaru yana tallarsa da cewa gahawa na cutar da mutane, har da yara. Kayansa ya sayu, maganar kuma ta zauna. Inda za a iya samun matsala shi ne in shayi ko gahawa ya kori madara da abinci daga cikin yaro.

Sukarin fa?

Sau da yawa shi ne ɓarawon da ba a kallo. Ƙaramin cokali ɗaya giram 4 ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 na sukarin da aka ƙara a rana, wato cokali 6, ɗan ƙasa da shekara 2 kuma kada a sa masa ko kaɗan. Yaron da ake zuba wa cokali uku safe da yamma ya gama da rabonsa tun bai taɓa alewa ko biskit ba. In da madarar gwangwani mai zaƙi aka haɗa, lissafin ya wuce nan.

Mafi muni shi ne shayi mai sukari a cikin fida, yaro ya kwanta da ita a baki. Haƙoran gaba na sama su ne ke fara nunawa: farin tabo a gindin haƙori, sai ya koma ruwan ƙasa, sai ya fara marmashewa. Harshe kuma abin da aka saba masa shi yake nema. Wanda aka fara wa da cokali uku, ɗaya zai zame masa salam.

Akwai wani haɗarin da ba na cikin kofin ba?

Zafinsa. Abin sha mai zafi yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona ƙananan yara a gida. Fatarsu ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, kuma kofin da aka haɗa minti 15 da suka wuce yana iya sale ta. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: kofi a bakin tebur, yaro mai koyon tsayuwa ya miƙa hannu, ruwan ya kwararo masa a fuska da ƙirji. Ko kuma babba yana sha da jariri a cinya.

In ya faru, a cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man shafawa, ban da man goge baki ko ƙwai. A rufe da abu mai tsabta a nufi asibiti, musamman in fuska ce ko hannu ko wurin yana da faɗi.

Koren shayi da gahawa marar kafeyin sun fi sauƙi?

Koren shayi da baƙi duk ganyen bishiya ɗaya ne, sarrafawa ce ta bambanta. Kafeyin ɗinsa bai kai na baƙi ba, amma yana da shi, kuma shi ma yana riƙe ƙarfe. Gahawar da aka cire wa kafeyin tana da ɗan saura, miligiram kaɗan a kofi, ba abin damuwa ba ne ga babban yaro. Shayin na'ana'a da na roibos, ganyen da ake nomawa a Afirka ta Kudu, ba su da kafeyin. Duk da haka kalmar "ganye" a jikin kwali ba shaidar aminci ba ce, a karanta abin da aka haɗa. Duk wanda aka rubuta wa na rage ƙiba ko na wankin ciki, ba na yara ba ne.

Matashina yana shan gahawa da lemon ƙara kuzari lokacin jarrabawa.

Gahawa ƙaramin kofi da safe ga ɗan shekara 15 ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Lemon ƙara kuzari kuwa wani abu ne daban. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana da kafeyin wajen miligiram 80, manyan suna ninka haka, ga sukari jingim, ga shi da sanyi ana kwankwaɗa kamar ruwa, ba a kurɓa a hankali kamar abu mai zafi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa tun 2011 cewa ba shi da gurbi a abincin yara da matasa. Ƙasar Lituweniya da ke Turai ta haramta sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, maƙwabciyarta Latbiya ta bi sahu a 2016.

Game da karatun dare, abin da za ka gaya masa shi ne ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana ido biyu da taimakon gwangwani uku zai shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa, ya ga tambayar da ya karanta jiya ya kasa kamo amsar. Kuma in kai uban kana shan kofi biyar a gabansa, wa'azinka ba zai yi nisa ba.

Waɗanne yara ne bai kamata su kusance shi ba sam?

Mai ciwon zuciya ko bugun zuciya marar daidaito, mai farfaɗiya, mai yawan fargaba, mai ƙarancin jini, mai fama da ƙwannafi, da wanda dama barci ke ba shi wuya. Haka wanda ke shan wasu magunguna: tiyofilin na asma ɗan uwan kafeyin ne, ƙarfinsu haɗuwa yake, sifurofulokzasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana hana jiki fitar da kafeyin da wuri. In an rubuta wa yaro sabon magani, a gaya wa likita abin da ya saba sha.

Ya riga ya saba. Yaya zan raba shi da shi?

A hankali. In aka yanke rana ɗaya, bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai yakan zo, da kasala da ƙunci, abin ya ɗauki kwana biyu zuwa tara. Ba haɗari ba ne, amma gidan ba zai yi daɗi ba. Gara a fara da cire na yamma. Bayan kwana uku ko huɗu a rage jiƙon na safe, a ƙara madara, a rage sukari rabin cokali rabin cokali. Kada a taɓa kofinsa da wurin zamansa da lokacin da ya saba, su ne rabin abin da yake so. Sannan a sanar da duk mai ba shi, kaka da 'yar reno da yayye, in ba haka ba abin da kika hana a ɗaki za a ba shi a tsakar gida.

Ya faki idona ya shanye kofin gahawata. Me zan yi?

In kurɓi biyu ko uku ne, ki ba shi ruwa, ki sa masa ido, ki kuma shirya wa daren da ba za a yi barci da wuri ba. Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. In ya shanye kofi guda mai kauri alhali ƙarami ne sosai, ko gwangwanin lemon ƙara kuzari, ko ya haɗiyi ƙwayoyin magani masu kafeyin, ko ya ci garin gahawa da cokali, a tuntuɓi likita ba tare da jiran alama ba. In kuwa ya fara amai ba tsayawa, zuciya na bugawa da sauri, jiki na karkarwa, ya rikice ko ya yi jijjiga, asibiti kai tsaye. Ki tafi da gwangwanin ko kwalin a hannu, ki kuma riƙe lokacin da ya sha, domin su ne abu biyu na farko da za a tambaye ki.